Gida Biyu, Zaure Ɗaya: Ranar Da Kwamfutata Ta Ƙi Tashi

'Yan'uwana ɗaliban harshe, na san wasunku za su yi mamakin ganin batun kwamfuta a wannan mujalla tamu da aka saba cikawa da nahawu da adabi da al'ada. To, amma in kun yi haƙuri kun karanta, za ku ga abin ya shafe mu, domin a yau babu ɗalibin da zai rubuta kundin digirinsa bai damƙa wa wannan na'ura amanar wahalarsa ba. Ni ma na damƙa mata tawa, kuma saura ƙiris gaggawa da rashin sani su sa in yi asarar ta da hannuna.

Ni Bayarabe ne haifaffen Legas, kuma a aji na fara koyon Hausa, nan Akoka. Da muka shiga shekarar ƙarshe sai na zaɓi in yi nazarin kalmomin Yarbanci da suka shiga bakin Hausawan Sabo ta Yaba. Kowa ya san tsofaffin aro irin su ashana da akawu da agogo, waɗanda tuni ƙamus ya karɓe su. Ni kuwa sababbi nake nema, irin waɗanda ba a ji sai a bakin mai shayi da mai tsire da ɗan canji. Wata uku na yi ina zirga-zirga tsakanin Akoka da Sabo ina ɗaukar murya da waya. In na koma ɗaki sai in juye a kwamfuta, in goge ta cikin wayar saboda ƙarancin wuri. Mafi daraja cikin abin da na tara shi ne hirar kusan awa shida da wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya ce tun yana saurayi ya sauka Iddo a jirgin ƙasa daga Kano. Bayan hirarmu ta ƙarshe 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi gida Arewa. Barinsa Legas ke nan.

Kwamfutar tawa tsohuwa ce ta hannu, irin wadda mu a nan muke ce wa tokumbo, kuma da Windows 10 na saye ta. Sau biyu cutar kwamfuta da na kwaso a filash daga shagon buga takardu tana cinye mini aikin jinga. Ganin haka wani abokina mai karatun kimiyyar kwamfuta ya ba ni shawarar in koma Linux, wato babbar manhajar nan ta kyauta da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Nau'in da ya zaɓa mini shi ne Ubuntu, wanda ya fara fitowa a 2004. Na ce masa ba zan iya rabuwa da Windows ba, domin a Word malamin da ke duba kundina yake karɓar aiki. Sai ya cire mazubin faifan DVD, ya sa rumbun ajiya na biyu a gurbinsa, ya ɗora Ubuntu a kai. Daga ranar, duk lokacin da na kunna sai jeri ya fito in zaɓi wadda nake so. Muryoyina duka a ɓangaren Ubuntu na ajiye su, ina ganin can ne cuta ba ta zuwa. A zatona kowace manhaja tana rumbunta, babu ruwan wata da wata.

Saura mako uku a karɓi kundi na yi tafiya Abekuta, na bar ta a ɗaki kwana goma. Da na dawo na danna maɓalli, sai allo ya yi baƙi, ga wasu 'yan kalmomi farare: "No bootable device". Na kashe na kunna ya fi sau goma. Daga nan na yi kuskurena na farko. Na ce ai tsohon rumbun ne ya mutu, saboda haka na samo sukuddireba na cire shi, da tunanin sabon zai tashi shi kaɗai. Ko gezau. Kuskure na biyu shi ne na ɗauki sabon rumbun na kai wa wani mai gyara a bakin titi. Ya jona shi a kwamfutarsa mai Windows, muka jira, babu abin da ya fito. Ya ce komai ya tafi, sai dai a wanke shi a ɗora sabuwar manhaja. Abin da ya cece ni a ranar talauci ne, domin kuɗin da ya yanka mini ba su cika a aljihuna ba. Na ce zan dawo gobe.

Maimakon in koma makaranta sai ƙafata ta kai ni Sabo. Na zauna a bencin mai shayin da na saba zama, ban ce a haɗa mini komai ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, yau lafiya kuwa?" Na kwashe labari na gaya masa. Da ya ji har muryar Baba mai goro tana ciki, sai ya ajiye buta, ya kira yaronsa ya ce ya raka ni wurin wani Bazazzagi mai gyaran waya da kwamfuta a cikin layi.

Saurayi ne, bai girme ni da yawa ba. Bai ko taɓa sukuddireba ba sai da ya yi mini tambaya uku: me allo ya rubuta daidai, me na yi na ƙarshe kafin ta ƙi tashi, kuma me ke ciki wanda ba ni da shi a wani wuri. Da na amsa ta ukun sai ya ce, "To malam, gyara sai anjima. In gida ya kama da wuta, mutane ake fara fitarwa."

Ya mayar da rumbunan biyu mazauninsu, ya zaro wani filash mai ɗauke da Linux wanda ake iya tayar da kwamfuta da shi ba tare da an ɗora komai ba. Cikin 'yan mintoci sai ga jakar da na sa wa suna "Sabo", ga muryoyina jere, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Na tambaye shi ya aka yi wancan mai gyara bai gan su ba. Ya ce tsarin da Ubuntu ke jera kayanta a rumbu sunansa ext4, na Windows kuwa NTFS, kuma Windows ba ta nuna ext4 da kanta. Ya yi dariya ya ce, "Kamar ka miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya takardar ajami ne, ya ce maka babu rubutu." Sai da muka kwafe komai a wani wuri sannan ya juya kan cutar.

Ga yadda ya bayyana mini, kuma na rubuta a littafina kamar yadda nake rubuta hira. Idan aka kunna kwamfuta, ba Windows ko Ubuntu ke fara farkawa ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin na'urar kanta, ita ce maigadi, aikinta ta nemo wanda zai tashi. Maigadin yana da hanya biyu ta nema. Tsohuwar hanya, wadda ake kira BIOS ko Legacy, ita ce ya leƙa farkon rumbu, wani ɗan gurbi mai bayit 512, ya karanta umarnin da ke wurin. Sabuwar hanya, wato UEFI, ita ce ya nufi wani ƙaramin yanki na musamman a rumbu, wanda Windows kan yanka masa kamar megabayit 100, inda kowace manhaja ke ajiye makullin ɗakinta. Wannan yanki shi Bazazzagin ya kira zaure.

Ya shiga saitin maigadin, ya nuna mini kwanan wata. Ya koma baya da shekaru. Ya ce, "Ka ga shaida." Ashe akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, wanda ke riƙe agogo da saiti in an kashe na'ura. Nawa ya ƙare, babban batirin ma ya daɗe da mutuwa, saboda haka a kwana goman nan maigadi ya manta abin da aka gaya masa, ya koma tsohuwar hanya. Manhajojina kuwa duka biyu ta sabuwar hanya aka ɗora su. Ya leƙa inda ya saba leƙawa a da, bai ga kowa ba, ya ce gidan kango ne.

Na ce to me ya sa da na cire tsohon rumbu sabon bai tashi ba? Ya ce ko da saitin yana daidai ba zai tashi ba. Lokacin da abokina ya ɗora Ubuntu, tsohon rumbun yana jone, shi ya sa aka ga zaure a can aka rataye makullin Ubuntu kusa da na Windows, ba a gina wa sabon rumbun nasa ba. "Gidajenka biyu ne, malam, amma zaurenka ɗaya. Kai kuma ka cire zauren ka sa a aljihu."

Ya canza ɗan batirin, ya mayar da saiti kan UEFI. Kwamfuta ta tashi, amma kai tsaye ta wuce Windows, domin jerin waɗanda za a fara kira ya rikice. Wannan mai sauƙi ne, a saitin ake gyara shi, ko kuma a danna maɓallin zaɓi lokacin kunnawa, wanda a wasu na'urori F9 ne, a wasu F12. Amma ya ce ba zai bar ni haka ba. Ya yanki wani ɗan yanki a sabon rumbun ya gina masa zaure nasa, ya ɗora GRUB a ciki, wato manhajar da ke fito da jerin zaɓin nan. Yanzu ko wane rumbu aka cire, ɗayan zai tashi da ƙafarsa.

Ƙananan matsaloli uku suka biyo baya. Ta farko, sunan Windows bai fito a jerin GRUB ba. Ya ce tun daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021, ɓangaren da ke leƙa maƙwabta, mai suna os-prober, a kashe yake zuwa sai an kunna shi, kuma layi ɗaya ya gyara a takardar saiti ya sabunta jerin. Ta biyu, Ubuntu tana iya karanta kayan da ke ɓangaren Windows amma ba ta iya ajiye komai a can. Dalili shi ne tun Windows 8 a 2012 akwai wani tsari na saurin tashi wanda ke sa in an kashe ta ba ta mutu duka ba, gyangyaɗi take yi da ƙofa a sakace. Ya kashe wannan tsari. Ta uku ita ta fi ba ni dariya. Mun fito daga Ubuntu mun shiga Windows, sai agogo ya nuna ƙarfe uku, alhali ga ladan yana kiran la'asar wajen ƙarfe huɗu. Ashe agogon cikin na'ura ɗaya ne, amma Linux tana saita shi a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gari, mu kuma a Nijeriya muna gaban UTC da awa ɗaya. Ya umarci Ubuntu ta bi lokacin gari, aka zauna lafiya.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai shirin haɗa manhaja biyu a na'ura ɗaya, ga abin da na saya da tsada ina ba ka kyauta. Kafin a ɗora ta biyu, a cire rumbun farko tukuna, domin kowanne ya sami zaurensa. A tabbata duka biyun ta hanya ɗaya aka ɗora su. Idan wata rana allo ya yi baƙi, rubuta abin da ya ce harafi da harafi, sannan ka duba kwanan wata da saitin maigadi kafin ka taɓa sukuddireba. In wani ya ce a wanke, ce masa sai ka ga cikin rumbun da idonka ta filash ɗin Linux. Sau da yawa kayan suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, ni kuwa nawa saurin marar kundi ya kusa haifa. Yanzu muryar Baba mai goro tana wuri uku: a kwamfuta, a filash, da kuma intanet.

Abu na ƙarshe ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe. Awa uku na yi a shagon nan, kuma kusan duk bayanin da Hausa aka yi mini shi. Mutumin da bai taɓa shiga ajin fassara ba ya ba ni maigadi da zaure da makulli da gyangyaɗi, kuma na fahimce su fiye da yadda na fahimci Turancin abokina. Mu kan zauna a aji muna ƙirƙiro kalmomin kimiyya, alhali ga masu sana'a can suna amfani da nasu kullum. Ina ba wanda bai zaɓi batun kundi ba tukuna shawara ya ɗauki littafinsa ya nufi shagunan gyara na Sabo ko Agege, zai dawo da abin rubutawa.

Da ya gama ɗaure sukurori, ya turo mini kwamfutar ya ce, "Oya, kunna ta mu gani." Na kunna, jeri ya fito. Kafin in biya shi sai da na zaro biro na rubuta wannan "oya" ɗin, da rana da wuri da wanda ya faɗa. Tana babi na huɗu.