A Ingila mashaya ce fada: to wanda ba ya sha, ina za shi zauna?



Yau hirar tamu ta Ingila ce. Duniya ta san Turawan Ingila da shan shayi, har ana yi musu ba'a da shi. Amma idan rana ta faɗi, abin da ke tara su wuri guda giya ce, kuma wurin shanta suna ce mishi pub. Mu da munka yi lakkwal da Faransanci kuma muke aikin radiyo, idan anka ce pub talla muke ganewa, wadda ake sakawa kafin labarai. To can mashayar unguwa ce. A shekarar 2000 akwai irinsu sama da 60,000 a faɗin Birtaniya, yanzu sun ragu zuwa wajen 45,000, kuma duk wadda za a rufe sai ka ji mutanen wurin suna kuka kamar an ce za a tashi kasuwar garinsu.

Kada ku ɗauka irin gidan giyar nan ne da mutum ke shiga yana waige kada wani ya gan shi. Wuri ne mai kujeru masu laushi, da tele, da abinci. Nan ake kallon ƙwallo, nan ake murnar haihuwa, nan ake taruwa idan an dawo daga jana'iza. Ranar Lahadi miji da mata da yara suna zuwa cin gasasshen nama. Ranar Juma'a ma'aikata suna tashi daga ofis su zarce can, shugaba da yaransa tebur guda. Abin da fada take a wajenmu, shi ne mashaya a wajensu.

Kuma akwai dalili. Mu nan ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ka hura gawayi, ka ɗora buta, kafin shayi ya tafasa mutum biyar sun zauna. Can a watan Disamba rana na faɗuwa a Landan tun ƙarfe 4 na yamma bai cika ba, ga sanyi, ga yayyafi da ba ya da lokaci. Ba mai zama waje. Gidajen ƙanana ne, kuma Bature ba ya son a faɗo mishi gida ba alƙawari. Maƙwabcinka na shekara goma yana iya kasancewa bai taɓa ganin falonka ba. Sai ya zama wuri ɗaya da kowa ke iya shiga ba gayyata, ya samu ɗumi da mutane, shi ne wanga gida na giya.

Abin da ke sa sha ya yi yawa kuwa, wata al'ada ce tasu ta zagaye. Idan ku shida kunka zauna, ɗaya zai tashi ya saya ma kowa. In an shanye, na biyu ya tashi. Haka har a zagayo. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin layi ya zo kansa, ya ja ma kansa sunan rowa da ba ya gogewa. Ke nan ko kofi biyu ka yi niyya, zama da mutum shida ya ɗora maka shida. Kofin nasu kuma ba ƙarami ba ne, mililita 568 yake ci, ya haura rabin lita. Kuɗinsa wajen fam 5, a Landan ya fi haka, wato kusan jikka 4 na kuɗinmu. Zagaye ɗaya na mutum shida ya lashe sama da jikka 20.

Gwamnatinsu ta daɗe da sanin inda matsalar take. Lokacin yaƙin duniya na farko, ma'aikatan da ke ƙera makamai suna zuwa aiki da maye ko su ƙi zuwa, har Loyd Joj, wanda ke riƙe da ma'aikatar kuɗi a lokacin, ya ce a 1915 ƙasar na yaƙi da Jamus da Ostiriya da giya, kuma a ganinsa giya ce ta fi haɗari. A wannan shekara anka hana saya ma wani giya a yankuna da dama, kowa ya biya nasa, har an taɓa cin wani mutum tara don ya saya ma matarsa. An ɗage wannan doka bayan yaƙi, amma taƙaita lokacin buɗewa ya daɗe. Shekaru da yawa ƙarfe 11 na dare ake rufewa, ana kaɗa ƙararrawa ƴan mintoci kafin nan, sai kowa ya ruga ya ƙaro ya ɗaɗɗaka da sauri. A 2005 anka sassauta dokar, da fatan mutane za su riƙa sha a natse kamar Faransawa da ruwan inabinsu a kan abinci. Wanda ya taɓa ganin hotunan tsakiyar biranensu daren Asabar, ƴan mata zaune a bakin titi takalmi a hannu, ƴan sanda da motar asibiti na jira, ya san fatan bai cika duka ba.

Likitocin gwamnati sun ce tun 2016 kada namiji ko mace su wuce awo 14 a mako, kimanin kofi shida ke nan na giya mai matsakaicin ƙarfi. Zama ɗaya na daren Juma'a ya cinye shi. A 2019 mutum 7,565 sunka mutu a Birtaniya da cututtukan da giya ce kai tsaye ta jawo su, mafi yawa ciwon hanta. A 2023 adadin ya kai 10,473.

To mi ya haɗa mu da wanga zance? Ƴaƴanmu da ƙannenmu. Da can duk wanda ya samu bak Faransa yake hange, ko Maroko, ko Aljeriya. Yanzu akwai masu neman karatu da Ingilishi, kuma ƴan'uwanmu na Kano da Katsina sun daɗe da cika jami'o'in Ingila. Yaro zai sauka a watan Satumba, makon farko na jami'a mako ne na sabbin ɗalibai, kuma yawancin shagulgulan da ake shirya musu don su san juna da dare ne, a wurin sha. A wannan mako ake ƙulla abota da za ta kai shekara uku. Yaron da ya taso bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, sai ga shi a ɗaki mai faɗin tabarma biyu, yana jin dariyar mutane ta bango.

Wani abokinmu da munka yi lise tare a Damagaram, yanzu yana aikin kwamfuta a wani kamfani a Mancesta, ya ba mu labarin watanninsa na farko a wurin aiki. Duk Juma'a a ce mishi ya zo a tafi, ya ce na gode. Bayan wata biyu anka daina kiransa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɓata mishi rai, su dai sun ɗauka ba ya son mutane. Abin da ya fi ci mishi rai, ranar Litinin sai ya tarar an riga an san wa za a ba sabon aiki, wa zai tafi, wa ke rigima da wa, duk an gama maganar a kan tebur ɗin da bai zauna ba. Ya ce mana giyar ba ta taɓa ba shi sha'awa ba ko sau ɗaya, warinta ma bai so. Kaɗaici ne ya kusa kai shi ƙofar.

Wannan magana ya kamata iyaye su ji ta da kyau. Idan yaro zai tafi, nasihar da muke yi ita ce kada ka sha giya, kada ka bar salla, kuma daidai ne. Amma in an kira shi a WhatsApp, tambayar ba ta wuce karatu da sanyi da yaushe za a turo saƙo. Da wuya ka ji an ce, wai da wa kake hira? Ranar Asabar ina kake wuni? Ƙasar da a 2018 sai da gwamnati ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, ƴan ƙasar ma abin na cin su, balle baƙo.

Wasu na shiga mashayar su sayi lemo ko Coca-Cola su zauna da abokan aiki awa guda su fita. Ba wanda zai kore ka, kuma yanzu kusan ko'ina ana sayar da irin wadda anka cire ma barasa. Wasu kuma ba su taka ƙafa, saboda malamai da yawa sun yi hani da zama a teburin da ake shan giya, kuma abokin namu yana cikin waɗannan. Hukuncin wannan na malamai ne, ba na mai gabatar da shiri ba. Abin da muke iya faɗi shi ne wanda ya zaɓi ƙin shiga, dole ya tashi ya nemi wani wurin zama, don ba wanda zai kawo mishi har ɗaki.

Kuma wuraren akwai su, har sun fi yadda ake zato. Ƙin shan giya ba baƙon abu ba ne a Ingila. Tun shekarun 1830 suke da ƙungiyoyin masu rantsuwar barin ta kwata-kwata. Kamfanin yawon buɗe ido na Thomas Cook ma daga nan ya samo asali: a 1841 mai shi ya ɗauki hayar jirgin ƙasa ya kwashi mutum wajen 500 daga Lesta zuwa taron masu yaƙi da giya. Iyalin Cadbury masu cakulan, da sunka gina ma ma'aikatansu unguwa a gefen Bamingam, ba su yarda an sa mashaya ko ɗaya a ciki ba. A yau kuma matasansu ne ke ja da baya: wani bincike ya nuna ƴan shekara 16 zuwa 24 da ba su sha sam a Ingila sun tashi daga kashi 18 cikin 100 a 2005 zuwa kashi 29 a 2015. Tun 2013 akwai kamfen na barin giya duk tsawon watan Janairu, wanda ya fara da mutum 4,000, yanzu miliyoyi ke cewa suna yi. Wanda ya ce ba ya sha a yau, ba a kallonsa kamar yadda ake yi shekara 20 baya.

Duk safiyar Asabar ƙarfe 9, a ɗaruruwan filayen shaƙatawa, ana gudun kilomita 5 kyauta, suna ce mishi parkrun; a Landan ya fara a 2004 da mutum 13. Tsoho da yaro da mai tura jariri a keke duk suna ciki, in an gama a wuce shan kafe. Akwai ƙwallon mutum biyar-biyar da ake bugawa da dare a ƙarƙashin fitila. Jami'o'i na da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da ɗakin salla. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wels, kuma a unguwanninsu na Bamingam da Lesta da Mancesta shagunan shayi da kayan zaƙi suna kai tsakar dare a buɗe, cike da samari da ƴan mata, ba kwalba ko ɗaya.

Sai dai nan ma akwai tarko. Mutum na iya shekara biyar a Ingila daga masallaci sai shagon Bafakistane sai ɗaki, bai yi aboki Bature ko ɗaya ba, Ingilishinsa bai gyaru ba, a wurin aiki kuma ana tsallake shi. Ya tsira daga kwalba amma abin da ya kai shi ƙasar bai samu ba. Kuma kada mu cika baki da yawa: a Yamai da Maraɗi mun san inda ake sha, mun san abin da tramol ya yi ma wasu fadodinmu. Bambancin kawai namu a ɓoye yake.

Abokin namu, abin da ya yi bai da wuya. Ya fara da cewa abokan aiki su je cin abincin rana tare, tunda da rana ba a cika sha ba. Ya shiga ƙwallon daren Laraba, ya tarar Bature in kun yi gumi tare bakinsa na buɗewa. Da ya zo hutu gida ya koma da ƙaramar buta da ƴan kofunan shayi. Gawayi dai ba halin hurawa, don na'urar hayaƙi da ke manne a rufin ɗaki za ta tara mishi maƙwabta, sai ya koyi dafawa a kan murhun kuran, na'ana'a kuma yana samu a shagon wani Balarabe. Ranar Asabar da yamma ya fara kiran mutum biyu, wani ɗan Sudan da wani ɗan Gana. Daga baya Turawa biyu daga wurin ƙwallo sunka fara zuwa. Ɗaya ya sha kofin farko ya yamutsa fuska don ɗaci, ya miƙe zai tafi, anka ce mishi ai saura biyu, ba a tashi sai an sha na uku. Ya yi dariya ya koma ya zauna, ya ce ashe ku ma kuna da zagaye.

Har yanzu ranar Juma'a idan an tashi aiki, su suna yin hagu zuwa mashaya, shi yana yin dama zuwa tashar bas, kuma har yanzu akwai maganganun da ake gamawa ba ya nan. Amma ɗaya daga cikin Turawan nan biyu a kamfaninsu yake, kuma ranar Asabar tun kafin a zuba na biyu ya gama ba shi labarin duk abin da anka faɗa.