Ba Duk Jan Ruwa Ne Zoɓo Ba

Jama'a, ni da na tashi a Danwarai, inda ake shuka sure a gefen gonar gero, ba a ruɗar harshena da filebo.

In na shiga kasuwar Jega, ba na tambayar kuɗin tiya sai na ɗauki ƙwaya ɗaya na tauna. Mai duhun nan da ya kusa zama baƙi shi ne gwanina: hannu guda ya rina tukunya, tsaminsa kuma daidai wa daida. Ja mai haske ya fi araha, amma tsami gare shi, abin da ka rage wurin mai awo sai ka biya shi wurin mai sukari. Farin kuwa na miya ne. Sannan in sunsuna. Wanda aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba warin fumfuna yake, kuma duk yawan citta da kanumfarin da uwargida za ta zuba ba su ɓoye shi.

An taɓa kawo mini tsarabar na Maigatari, can Jigawa, irin wanda ake lodi zuwa Meziko. Tsaf yake, ba yashi ba kara, ban ƙi shi ba. Amma bakina ya fi sabawa da na gida, wanda ya bushe a iskar hunturu. Shi nake auna tun da kaka in ɓoye, domin da an ga watan azumi mai tiya ba ya sauraron tayi.