Malamin Da Aka Ci Tararsa Dala 100

A watan Yuli na 1925, a wani ɗan gari da ake kira Dayton cikin jihar Tennessee ta Amurka, aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, ɗan shekara 24. Tuhumar da aka yi masa ita ce karantar da ra'ayin Charles Darwin, wato cewa halittu, har ɗan Adam, suna sake kama sannu a hankali, zuriya bayan zuriya. Dokar jihar ta haramta wannan, domin iyaye Kirista da yawa suna ganin ya saɓa wa Littafinsu. Kotu ta ci shi tarar dala 100. Sai a 1967 aka soke dokar.

Kowane ɓangare ya yi kuskure. 'Yan jaridar birni sun mai da iyayen abin ba'a, iyaye kuwa suka ɗauka rufe littafi zai kashe tambaya.

Malamin kimiyya a Nijeriya ma yana tsaka mai wuya, ga darasin cikin manhajar WAEC, ga yara da tarbiyyar gidajensu. In ya tsallake shi ya cuce su, gama da wannan ilmi likita ke gane yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin, har aka sauya magani a 2005. In kuwa ya raina imaninsu ya ci amanar iyaye. Hakkinsa ya bayyana abin da masana suka gano da hujjojinsu, cikin ladabi, ya bar wa malaman addini fagensu.