Kwanon da babu tuwo: yadda muke tsara abincin mai ciwon sandarewar baya

Idan Bahaushe ya ce abinci, hatsi yake nufi. Da kunu ko koko ake karya kumallo, da fura ake kashe ƙishirwar rana, da tuwo ake rufe dare, kuma wanda ya ci nama har ya ƙoshi amma bai kai lomar tuwo baki ba, sai ka ji ya ce yau da yunwa ya kwana. Saboda haka duk gidan da aka ce ya gwada cire sitaci, abin nan da Faransawa ke kira amidon, daga kwanon mutum ɗaya, ba ƙaramin nauyi aka ɗora wa uwargida ba. Mun ga ya dace mu rubuta wa ƴan uwa abin da muka koya cikin wannan hidima, domin akwai gidajen da ke fama da irin ciwon nan shekara da shekaru, suna ce masa sanyin ƙashi, wasu ma suna zargin jifa.

Ɗanmu na biyu saurayi ne da bai cika shekara talatin ba. Likitan gaɓoɓi ya tabbatar masa da cutar da ake kira spondylarthrite ankylosante, wato kumburin gaɓoɓin ƙashin baya da na ƙugu, wanda in ya daɗe ba a kula da shi ba yana iya haɗe ƙasusuwan su zama kamar gora. Halinta ya saɓa wa ciwon bayan manomi ko ɗan dako. Shi wancan hutu ne maganinsa, ita kuwa wannan hutu ƙara mata ƙarfi yake yi: tana tada mai ita a sulusin dare na ƙarshe, da asuba baya ya sandare fiye da rabin awa, sai an yi motsi sa'an nan jiki ya saki. Yawanci tana farawa kafin shekara 45, wani lokaci kuma tana taɓa ido ya yi ja da zafi, abin da ke bukatar likitan ido a ranar, ba a jira gobe ba. Tun 1973 likitoci a Landan da Los Anjelas suka gano alaƙarta da wata alama ta gado da ake kira HLA-B27. A yankinmu ba ta yawaita kamar a Turai ba, amma akwai ta. Kuma kafin kowa ya taɓa tukunya, lalle ne likita ya bambanta ta da tarin fuka na ƙashin baya da kuma cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, wadda ake kira brucellose, domin waɗannan biyu suna kama da ita, suna nan a ƙasashenmu, kuma magani suke so, ba sauya abinci ba.

Shawarar rage sitaci ta fito ne daga wani malamin likita a Landan, Farfesa Alan Ebringer. A ganinsa, ragowar sitacin da bai narke ba yana isa babban hanji ya zama abincin wata ƙwayar cuta mai suna Klebsiella; idan ta yawaita sai garkuwar jiki ta tashi yaƙarta, da yake kuma wasu sassanta sun yi kama da na jikin mutum, sai yaƙin ya shafi gaɓoɓi. A 1996 ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da wasu marasa lafiya ƙalilan, inda alamun kumburi a jininsu suka ragu. Amma wani bita da aka yi a 2018 kan dukan binciken da ya shafi abinci da wannan cuta ya nuna hujjar tana da rauni, kuma ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi ba su sa wannan tsari cikin maganin da suke umarni da shi ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne motsa jiki kullum, magungunan rage kumburi irin su diclofénac da naproxène, barin taba sigari, sai kuma alluran zamani masu tsada ga wanda waɗancan ba su ishe shi ba. Mun faɗi wannan a fili domin kada wani ya ajiye maganinsa ya riƙe zogale. Shi kansa Ebringer ragewa ya ce a yi. Marasa lafiya ne daga baya suka tsananta har suka kai ga cirewa baki ɗaya.

Da sanin likita muka shiga, bisa sharuɗɗa uku: magani yana nan daram, gwajin na wata uku ne, kuma za a riƙa hawa sikeli kowane mako. Muka sayi littafin ƴan makaranta, yaron yana rubuta abin da ya ci, da mintocin da bayansa ya yi a sandare da safe, da ko ciwo ya tashe shi cikin dare.

Aiki na fari shi ne sanin inda sitaci yake. Na fili ba shi da wuya: hatsi, dawa, masara, shinkafa, alkama da duk abin da aka yi da su, daga masa da fanke har burodi da taliya, sai rogo da garinsa, doya, dankali, makani. Wake ma yana da shi da yawa, don haka ƙosai da ɗanwake da alala sun fita. Wanda ya ba mu mamaki shi ne na ɓoye. Aya tana da sitaci, to kununta ya tafi. Goro ma haka. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya yakan ƙunshe shi, haka wasu nonon kanti da ake kaurara su da gari, da yajin kasuwa da ake haɗawa da ƙuli. Akwai gwaji mai sauƙi da ɗaliban sakandare suka sani: a ɗebi ɗan abincin a gefe, a ɗiga masa ruwan aidin na wanke rauni, in ya koma shuɗi mai duhu kamar baba to akwai sitaci. Wanda aka ɗiga wa sai a zubar, ba a ci. Da wannan muka gane cewa ayaba da mangwaro ɗanye suna rinewa, amma in sun nuna lugub rinin yakan ragu ƙwarai, domin sitacinsu ya juye zaƙi.

Sa'an nan tambayar da kowa ke yi mana: to me ya rage? Ya rage da yawa, in an dubi abin da kakanninmu suke ci lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, alayyaho, kuka, kuɓewa, gauta, yalo, kabeji, salati, tumatir, albasa, tattasai. Ga ƙwai, kifi ɗanye da busasshe, naman kaza da na zabo da na akuya, kayan ciki, nono, man shanu, cuku, har da fara a lokacinta. Abin da ya sauya shi ne matsayi. Da, ganye rakiya yake yi wa tuwo; yanzu shi ne ango.

Da safe ƙwai biyu ko uku da albasa da tumatir, da kofin nono tafasasshe da aka bari ya yi tsami a gida. Muna nanata tafasawar saboda cutar da muka ambata a baya. Wanda bayansa ke ciwo ba ya bukatar ƙarin wata. Ranar da babu ƙwai, ragowar miyar jiya ce ake ɗumamawa da busasshen kifi. Da rana, lokacin da sauran gida ke dama fura, nasa kwaɗon zogale ne ko na rama, amma da riɗi dakakke da ɗan mai maimakon ƙuli mai yawa, domin gyaɗa tana da ɗan sitaci, ko da yake ba kamar wake ba. Ana ɗora masa yankan cuku ko kifi, a bi da kankana ko gwanda ko lemu. Dare shi ne mai wuya, don a nan ne ido ke neman malmala. Dabarar mahaifiyarsa ita ce ta yi miya ɗaya ga kowa, kuka ko kuɓewa ko taushe, da daddawa da gishiri da kayan yaji na gida, ta ɗebe tasa kafin ta zuba wani abu mai gari. Tasa takan yi kauri, nama ko kifi ya fi yawa, a shanye da cokali. A madadin tuwo takan yanka kabeji ƙanana ta turara shi ya yi laushi, ko ta gasa yalo ta murƙushe. Ba za mu ce yana kama da tuwo ba, don ba ya kama. Amma yana ɗaukar miya, kuma yana cika ciki.

Miyar taushe ta jawo gardama a gidan, saboda kabewa. Muka ɗiga mata aidin, ta ɗan rine, sai aka daidaita a kan a rage kabewar a ƙara alayyaho.

Hatsi kusan kashi biyu bisa ukunsa sitaci ne, kuma daga nan ne jiki ya saba samun ƙarfi. Idan an cire shi ba a maye gurbinsa da mai da nama da nono ba, rama za ta biyo baya, kuma mai wannan cuta dama ƙashinsa yana cikin haɗarin yin rauni. Makonni biyun farko yaron ya yi kasala da ciwon kai, nauyinsa ya sauka. Aka ƙara man gyaɗa da man shanu a miya, aka ƙara nono, aka sa masa dabino kaɗan da la'asar, sai sikelin ya tsaya. Wannan ne ya sa ba ma ba da shawarar tsarin ga yaro mai tasowa, ko mace mai ciki ko mai shayarwa, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon sukari da ke shan magani, sai in likitansu ne ya tsara musu da hannunsa.

Maganar kuɗi ba a ɓoye ta. Tiyar hatsi tana ciyar da mutane da yawa, kuɗinta kuwa in aka kai wa mahauci ɗan abin da zai yanko ba ya wuce tafin hannu. Gidan da ke da ƴaƴa bakwai ba zai iya sa wa mutum ɗaya nama sau uku a rana ba tare da an tauye sauran ba, kuma tauye su zalunci ne. Abin da ya cece mu shi ne bin lokaci. Da damina ganye kusan kyauta ne, ƙwan zabi ma yana araha. A lokacin ne ake shanya zogale da yakuwa da kuɓewa a inuwa a adana. Da ɗari lambuna suna cika kasuwa da kabeji da salati da tumatir da albasar Galmi. Bazara ce mai tsanani, sai a koma ga busasshen ganye da busasshen kifi da kauɗar tumatir. Bayan babbar Salla ana soya nama a ajiye a cikin mansa. Muka kuma sa kaji shida a bayan gida, muka dasa zogale uku kusa da magudanar wurin alwala, inda ruwa ba ya yankewa. Ranar Juma'a da dare ake zama a tsara na mako, kafin a je kasuwa, domin ranar da aka shiga madafa babu shiri, burodin mai shago ne ke yin nasara.

Akwai wani nauyin da ba na aljihu ba. A wurinmu cin abinci a kwano ɗaya zumunci ne, wanda aka ware wa nasa kuwa yakan ji kamar an fitar da shi daga sahu. Saboda haka muka ƙi a kai masa nasa ɗaki. A tabarma ɗaya yake zama da mahaifinsa da ƙannensa, kwaɗonsa a tsakiya, kowa yana sa hannu. A wurin suna ko ɗaurin aure yakan ɗauki nama ya bar shinkafa, in an matsa masa ya ce likita ne ya sa shi, magana ta ƙare. Kakarsa ta daɗe tana ganin ana horar mata da jika da yunwa, takan aiko da fura a ɓoye. Ba mu yi jayayya da ita ba. Ƙannensa suka riƙa shanyewa, ana mayar mata da ƙwarya da godiya.

Watan azumi yana da nasa shiri. Buɗe baki da dabino da ruwa bai saɓa wa tsarin ba. Maimakon kunu da ƙosai sai romon kaza ko na kan akuya, da zoɓo marar sukari da yawa. Da sahur ƙwai da nono da ganye mai mai, domin su suka fi daɗewa a ciki. Abin lura shi ne magungunan rage kumburi suna cin ciki in babu abinci, suna kuma wahalar da ƙoda in jiki ya bushe, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi. Tun a watan Sha'aban ake zuwa wurin likita ya gyara lokutan shan su. In ya ce azumin zai cutar, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, kamar yadda ta yarje masa ya yi salla a zaune ranar da ruku'u ya gagare shi.

Da wata uku suka cika muka kai littafin gaban likita. Sandarewar safe ta ragu, daren da ciwo ke tada shi ya yi ƙaranci, kumburin ciki da yake kuka da shi ya tafi. Ba mu jingina wannan duka ga tukunya ba, domin a cikin watannin ne ya kama atisayen miƙe baya safe da yamma, ya kuma bar taba, ita cutar ma halinta ne ta lafa ta taso. Sai likita ya ce a riƙa mayar da abinci ɗaya-ɗaya, kowanne a ba shi mako guda ana rubutawa. Wake ya dawo babu abin da ya faru, gyaɗa ma haka. Burodi da taliya kuwa, duk makon da ya ci su sai rubutun ya nuna safiya mai nauyi, saboda haka shi da kansa ya bar su. Yanzu yana shan ludayi biyu zuwa uku na fura da rana, tuwo kuwa rabin malmala ranar Juma'a. Gwajin jini na gaba yana nan bayan wata shida, kuma an riga an sayi sabon littafi, don na farkon ya cika.