Gidan da na saya a Mirya, da matar da ba a gaya mini da ita ba

Tun ranar da bakina ya suɓuce cikin shirin safe na ce "mu mutanen Mirya", wayata ba ta huta ba. Wasu tsokana suke, wai ɗan Birni ya koma ƙauye. Wasu kuma da gaske suke tambaya: nawa ka saya, akwai ruwa, yaya kake yi da hanya? Wani bawan Allah daga Tasawa ma cewa ya yi in nemo mishi irinsa. Minti biyun da nake samu tsakanin sanarwa da sanarwa ba za su isa ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, har da wurin da na kusa yin asarar abin da na tara cikin shekara shida.

Shekara tara na yi ina luwaye a Damagaram, gida uku na zauna. Na ƙarshe ɗaki biyu ne da falo, jika 35 a wata, kontar wuta ɗaya mu gida huɗu. Duk ƙarshen wata sai an yi shari'a a kan wa ke da firji, wa ke guga da dare. Ruwa kuwa, ku mutanen Damagaram ba sai na ba ku labari ba. In bazara ta kama, uwargida ƙarfe 3 na dare take tashi ta kasa kunne ko famfo ya fara tari. In bai zo ba sai ƴan garuwa, kuma akwai ranar da na sayi bido guda dala arba'in ina godiya. Ranar da mai gida ya aiko yaronsa ya ce ɗansa zai yi aure, in nemi wuri cikin wata biyu, ban yi barci ba. Ban taɓa cin mishi luwaye ko na wata ɗaya ba. Amma gidansa ne, me zan ce?

Na fara da neman kare a cikin gari. Kuɗin da aka faɗa mini na fili tsirara, can bayan gari inda ba wuta ba famfo, ya kusa kai kuɗin gida ginanne a wani wuri. Ga shi ko na saya, sai na ci gaba da luwaye ina gini da kaɗan kaɗan, irin ginin nan da ake kai wa linta a bar shi shekara biyar awaki na kwana ciki. Wani abokin aikina mai kula da na'ura, ɗan Mirya ne, shi ya ce mini: "Kai, kilomita 18 ne fa. Wanda ke ƙarshen gari ma kafin ya iso Kasuwar Dole ya kusa cin wannan lokacin." Na yi dariya, amma maganar ta zauna.

Wanda bai san Mirya ba yana ɗauka ƙauye ne. Ba haka ba ne. Tsohon gari ne na ƙasar Sosebaki, mai sarautarsa, kuma shi ne babban garin departama: akwai likita, akwai jastis, akwai lakkol har lise. Gudron da ya tafi Gure da Difa ta cikinsa ya ratsa. Ranar Lahadi kasuwa ke ci, kuma mutanen Damagaram da kansu ke cika motoci su zo sayen dabbobi da kayan lambu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne lambunan da inuwa. Mutumin da ya saba da duwatsun Damagaram, in ya ga kore haka sai zuciyarsa ta yi sanyi.

Gidan da dillali ya nuna mini na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, rufin kwano, ɗaki huɗu, da zaure, da dogon yaro babba a tsakar gida. Bayan damanar 2024 ne, damanar da ba wanda zai manta, wadda har tsohon masallacin Birni ya faɗi cikin watan Satumba. Saboda haka abin da na fara dubawa gindin katanga ne. Na zagaya ina neman layin da ruwa ke bari in ya kwanta, na tambayi maƙwabta inda ruwan unguwar ke bi. Suka ce gidan a kan tudu yake, ko ɗaki ɗaya bai zube ba, katangar baya ce kawai ta tsage. Na ga kontar Nigelec na gidan shi kaɗai, na murɗa famfo da rana tsaka ruwa ya zubo. Wallahi a nan hankalina ya tafi. Na duba katanga, na duba rufi, na duba masai, amma ban duba mutane ba.

An yi ciniki a miliyan 4 da jika 800. Gidan gado ne, mai shi ya rasu shekara uku da suka wuce. Wanda ya tsaya a kan cinikin babban ɗansa ne, da ƙanensa, da mahaifiyarsu, da ƙannensu mata biyu. Duk na gan su da idona, duk suka ce sun yarda. Aka rubuta takardar saye gaban shaidu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, na ba da miliyan 3, saura in an juya sunan takardar fili. Kuɗin nan ku san inda suka fito: adashe na shekara shida, bashin banki da za a yi ta cira daga albashina shekara huɗu, da tumaki biyar da sarƙar uwargida. Ita ta kawo sarƙar da kanta, ban roƙa ba.

Ni da na yi lakkol, na iya karanta kowace takarda da Faransanci, har shiri na taɓa gabatarwa a kan rigingimun filaye, na gayyato masana suka yi bayanin dokar karkara ta 1993 da kwamitocin Cofo. Amma tambaya guda ban yi ba: marigayin mata nawa ya aura?

Kwana 20 bayan haka na kai magina su gyara katangar baya. Ina wurin aiki magini ya kira ni, ya ce in zo, wata mata ta shigo ta zauna ƙofar ɗakin kudu ta ce ba mai taɓa ko bulo ɗaya. Na hau babur ban ma san yadda na iso ba. Na tarar da ita zaune a kan tabarma, dattijuwa, za ta yi shekara 50, da carbi a hannu. Na gaishe ta, ta amsa da mutunci. Ta ce: "Ɗana, kai ne ka sayi gidan babana?" Na ce ni ne, Inna. Ta ce: "To wa ya sayar maka da rabona?"

Ashe ita ce ƴar fari. Mahaifiyarta ce uwargidan marigayin, ta rasu tun da daɗewa, ita kuma aka yi mata aure a Daura tana yarinya. Biki ya kawo ta Mirya, a wurin bikin ta ji ana cewa an sayar da gidan. Ba wanda ya kira ta, alhali lambarta na cikin wayar kowannensu. Ta nuna mini ɗakin ta ce a nan aka haife ta, a nan aka yi wa mahaifiyarta wanka aka fitar da ita.

Ban san abin da zan ce ba. Haushi ya kama ni, amma ba nata ba. Na kira babban ɗan, ya ce ai ba matsala, "za mu ba ta wani abu". Wani abu! Kamar sadaka za a ba ta. Da daren nan na je wurin wani malami da nake gayyata shirin Juma'a, ya ɗauki alƙalami ya yi mini lissafi. Matar da marigayi ya bari tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, jika 600 ke nan. Saura miliyan 4 da jika 200 a raba wa ƴaƴa, namiji rabon mace biyu. Maza biyu, mata uku, kashi bakwai: kowace mace jika 600, kowane namiji miliyan 1 da jika 200. Ya ce: "Wannan in ta yarda a sayar ke nan. In ba ta yarda ba, sun sayar maka da abin da ba nasu kaɗai ba ne, kuma ko alƙali ko jastis ba mai tsaya maka a kan rabonta." Na ce to in karɓi kuɗina mana. Ya dube ni ya ce: "Ka tambaya ko suna nan?"

Ba su nan. Ƙanen ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, an biya bashin asibiti da na hatsi, an yi wa ƙaramar kayan ɗaki. Cikin miliyan 3, abin da ya rage bai kai rabi ba.

Sati biyu na yi ina shiga studiyo ina ce muku "barkanmu da safiya, da fatan kowa ya tashi lafiya", alhali ni ban runtsa ba. Wa'adin mai gida ya cika, na roƙi ƙarin wata ɗaya. Uwargida ba ta taɓa ambaton sarƙarta ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi da a ce ta yi faɗa. Abokai suka ce in kai ƙara jandarmari a kama babban ɗan. Na yi tunanin haka, har na kama hanya rana ɗaya. Sai na tambayi kaina: in an rufe shi, wa zai ba ni kuɗin, kuma da wane ido zan zauna unguwar da na sa aka ɗaure ɗanta?

Mai unguwa ne ya kashe wutar, Allah ya saka mishi. Ya tara su duka a zaurensa, da liman, da wani ƙanen marigayin da aka ɗauko daga ƙauye. Tsohon nan bai yi dogon zance ba. Ya dubi babban ɗan ya ce: "Da ubanka na da rai, za ka iya shiga gaban yayarka?" Yaron ya sunkuyar da kai. Ita kuma da aka ba ta magana, ba ta tambayi ko dala ba. Ta ce abin da ya ƙona mata rai shi ne a cire ta daga ƴaƴan babanta don uwarta ba ta da rai. Ta yi kuka, matar uban ta yi kuka, aka ba ta haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juyo gare ni ta ce: "Ɗana, kai ba ka da laifi. Na yarda. Amma kada ka rushe ɗakin nan ina da rai." Na ce na ɗauka, Inna.

Daga nan na ƙi sakin ko tamma sai an bi hanya. Muka je jastis da shaidu, aka yi takardar da ta lissafa magada duka da sunayensu, aka yi ta taron dangi, wadda ake ce wa PV na conseil de famille, aka rubuta wanda suka wakilta ya sa hannu a madadinsu. Aka sake sabuwar takardar saye, aka yaga ta farko. Cikon miliyan 1 da jika 800 a gaban kowa na ƙirga shi, kuma jika 600 na farko hannunta na sa. Sauran suka raba da lissafin abin da kowa ya riga ya ci. Sai bayan haka muka kai acte de cession meri don a juya suna. Tambura da kai da kawowa da la'adar dillali sun ci mini abin da ban sa cikin lissafi ba, ku riƙa ware musu wani abu tun farko. Dillalin kuwa, da na tambaye shi ko ya san da ita, cewa ya yi: "Ai ba ka tambaya ba, Mushe." Shekararsa 30 a unguwar.

Yanzu ga amsar masu tambayar ko akwai riba. In don kuɗi ne, kada ku ruɗi kanku. Kilomita 36 nake yi kullum, tafiya da dawowa. Ko da aka rage litar esansi zuwa 499, abin da babur ke sha a wata yana kai jika 20, ban da bakin mai da faci. In ka cire shi daga jika 35 na luwaye, abin da ya rage ba ya biyan ko rabin abin da banki ke cira. Ƙarfe 5 da kwata nake fita in zan buɗe tasha ƙarfe 6, kuma lokacin hunturu sanyin hanyar nan yana shiga har ƙashi. Ga manyan motoci masu fitila ɗaya, ga amalanke ba fitila ko ɗaya. Sau biyu na makara, sau ɗaya taya ta fashe mini a tsakiyar hanya, wani mai kai tumatir ya ɗauke ni, na shiga studiyo ina ƙanshin lambu. In an yi ɗaurin aure ko rasuwa a Damagaram da dare, sai dai in kwana gidan yayana.

Amma uwargida tana barcinta har asuba. Yara sun shiga lakkol nan kusa, da ƙafa suke zuwa. Na dasa lemun tsami biyu da zogale, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara tara, don ba wanda ke dasa itace a gidan da za a iya aiko mishi yaro. Maƙwabta sun daina ce mini "baƙon rediyo", yanzu "mai gidan Malam" suke cewa, da sunan marigayin, kuma na lura ko shekara 20 zan yi haka za a ci gaba da kiran gidan. Ban damu ba.

Ɗakin kudu yana nan, buhunan hatsi muke ajewa ciki. Na so in fasa shi in faɗaɗa falo da siminti ya sauko, magini ma har ya auna, sai na tuna. Da ƙaramar salla Inna ta zo daga Daura, ta sauka gidan ƙanenta, amma da la'asar sai ga ta da ƙullin ƙuli-ƙuli na yara. Uwargida ta fitar da buhunan, ta share, ta shimfiɗa mata tabarma. Ta yi sallar magariba a ciki, ta daɗe ba ta fito ba. Da za ta tafi ta ce rufin kusurwar gabas yana yoyo tun zamanin babanta, in sa a duba kafin ruwa ya sauka. Na hau na duba, gaskiyarta ne. Kwano biyu na saya ranar Lahadi, gobe in Allah ya kai mu bayan shirin safe za a buga.