Katifar Baba a Bayan Hiace

Ƙanena ne ya fara kawo maganar, kuma da wasa ya kawo ta. Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida a Hanwa, ya miƙo mini wayarsa ya ce in ga yadda Turawa ke yawon duniya. Wasu miji da mata ne suka yi hayar wata doguwar mota a ƙasar New Zealand, cikinta akwai gado da murhu da banɗaki, har da ɗan firji. Duk inda dare ya yi musu, bakin tafki ko gindin dutse, nan za su tsaya su dafa shayi su kwanta. Na ce masa waɗannan ba su san Najeriya ba ne. Muka yi dariya.

Ashe Baba yana ji daga kan tabarmarsa. Ya ce a kawo masa ya gani. Ya kara wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To in mutum zai iya tafiya a kwance, ai ni ma zan iya zuwa Mambila."

Babu wanda ya amsa. Shekara uku ke nan ciwon baya ya hana shi zaman mota. Ko zuwa asibiti a Shika sai an yi ta tsayawa. Kuma duk mun san abin da ke Mambila, ko da yake ba a taɓa zaunar da mu an faɗa mana ba. Baba malamin dabbobi ne, a Vom ya yi karatu, kuma aikinsa na farko a Nguroje ne, daga 1974, lokacin yankin yana cikin Jihar Arewa maso Gabas. Can ya kai Inna tana amarya, can suka haifi 'yarsu ta fari, can kuma suka binne ta kafin ta cika shekara biyu. Da suka sauko a 1979 ba su sake komawa ba. Sunanta ma a bakin gwaggonmu na ji shi, domin iyayenmu irin mutanen da ne, ba su faɗin sunan ɗan fari ko yana raye, balle ya rasu.

Irin waccan motar ta Turawa ban taɓa ganin inda ake ba da hayarta a Zariya ba. Abin da muke da shi shi ne shata. Na yi kwana huɗu ina zarya tsakanin tashar Kwangila da garejin wani bakanike a Sabon Gari kafin na sami mai Hiace da ya yarda a kwance masa kujerun baya layi uku. Da farko ya ɗauka gawa za mu kai. Da na yi masa bayani ya ce shi bai taɓa jin an yi haka ba, amma in dai zan biya kuɗin kwancewa da na ɗaurawa, kuma direbansa ne zai ja, to bismilla. Wannan sharaɗin na direba na yi ta ƙorafi a kansa, daga baya na gode wa Allah da ba a bar ni na tuƙa ba.

Kafinta ya buga mana ɗan dandamali na katako, muka ɗora katifa mai kauri a kai. Ƙarƙashinsa muka cusa jarkoki biyu na ruwa, ƙaramar tukunyar gas, kwanuka, buhun garin kunu, da safaya ta biyu. Matata ta ɗinka labule daga wani tsohon zanen gado. Bokiti mai murfi da buta su ne banɗakinmu. Watan Disamba ne na 2023, wata bakwai da cire tallafin mai, lita ta haura naira 600, kuma kuɗin da na tara don gyaran rufin gida ne suka tafi a tankin motar nan. Ban gaya wa Baba ba.

Inna ta ce ba za ta je ba. Ba ta kawo dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da asubar da za mu tashi ta fito da wani tsohon bargo ruwan toka daga ƙasan adakarta, wanda ban taɓa gani ba, ta shimfiɗa shi da kanta a kan katifar. Ta ce, "Garin akwai sanyi." Shi ke nan sallamar.

Kwanaki ukun farko ba ni da abin faɗa da yawa a kansu. Muka bi ta Pambegua da Saminaka muka hau Jos, muka kwana a Bauchi. Washegari Gombe, Kaltungo, muka haye Binuwai a Numan, muka kwana a Jalingo. Rana ta uku Garba Chede, Bali, sai Serti. Abin da na lura da shi shi ne bambancinmu da Turawan nan ba a motar yake ba, a wurin kwana yake. Su suna neman inda babu kowa. Mu kuwa da la'asar ta yi sai mu fara neman inda mutane suka fi yawa: gidan mai mai maigadi, harabar masallaci, gefen masu shayi. Ba a tafiyar dare, ba a tsayawa a daji komai kyansa. A kowane shinge sai jami'i ya ɗaga labule ya leƙa, ya ga dattijo kwance da carbi, sai muryarsa ta sauko, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ɗaya ne kawai ya nace sai mun nuna masa takardar da ta ba mu izinin cire kujeru, takardar da ni da shi duk mun san babu ita.

Serti ita ce hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a gandayen dajin ƙasar nan, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Ba mu shiga ba. Direba ya kwana yana duba birki da lagireto, ya sa aka cika masa jarka guda da ruwa, ya ce wannan ba ta sha ba ce, ta mota ce.

Daga Mayo Selbe hawan ke farawa. Ni da na tashi ina ganin Kufena shi ne ƙarshen dutse, muna yara muna hawa dutsen Hanwa muna ɗaga hannu kamar mun ci yaƙi, sai ga ni a wurin da hanya ke naɗewa kamar rawani a jikin tsauni, hagu bango, dama rami wanda ba a ganin ƙasansa sai kan bishiyoyi. Direba ya sa giya ta ɗaya, motar tana kuka, muna tafiya kamar mai jan ƙafa. Duk kwanar da za mu shiga sai ya danna oda, saboda ba ka ganin mai saukowa sai kun yi kiciɓis. Kunnuwana suka toshe. Ƙanena, mai kawo shawarar yawon duniya, ya ajiye wayarsa ya kama salati.

A nan ne Baba ya ce a tashe shi zaune. Muka jingina shi da buhun gari, muka yaye labulen. Mutumin da ya yi kwana uku ba ya cewa komai sai "lokacin salla ya yi?" sai ga shi yana nuna wurare da yatsa. Ya ce wannan hawan shi ake kira Biyu da Sisi, wai ladan ɗan dako ke nan a zamanin da ake hawa da kaya a ka. Ya ce a lokacinsu da damina Land Rover kan kwana a hanyar nan, fasinja su sauka su tura, kuma ranar da ya kawo Inna ta rufe fuskarta da mayafi tun daga ƙasa ba ta buɗe ba sai a sama. Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar na manta.

Sau biyu muka tsaya injin ya huce. A tsayawa ta biyu na fita na waiwaya, na ga ƙasar da muka baro shimfiɗe can ƙasa cikin hazo, na ji iska mai sanyi ta bugi ƙirjina da tsakar rana.

Sai kuma hawan ya ƙare ba zato. Na zaci a saman dutse duwatsu zan gani. Abin da na gani tuddai ne masu santsi, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, ciyawa ta lulluɓe su, rani ya fara mayar da ita ruwan zuma, kore kuma ya maƙale a cikin kwaruruka inda ƙoramu ke bi. Jajayen shanu masu dogayen ƙaho sun bazu a kai kamar an watsa dabino a faifai. Tudun Mambila yana da tsayin kusan mita 1,600 daga teku, kuma Baba ya ce sirrin shanun ke nan: tsando, ƙudan da ke sa wa shanu sammore, ba ya iya zama a wannan sanyin. Abin da ya jawo Fulani suka hau da garkunansu ke nan, suka tarar da Mambilawa suna noma a kwaruruka, kuma abin da ya sa gwamnati ta turo irinsu Baba da allura da littafin ƙidaya. Shi ne kuma tushen rigimar ƙasa tsakanin makiyayi da manomi da ta yi muni a 2017. Wurin da ya fi ko'ina kyau a idona, kusan kowane tudu an kewaye shi da waya.

Ya ƙara mana da abin da ban koya a makaranta ba, ko na koya na manta: wannan yankin ba ya cikin Najeriya ranar da aka sami 'yanci. Yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanensa suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta sunanta ke nan.

Mun isa Nguroje da la'asar. Baba bai gane komai ba. Inda ya ce ofishinsu yake, shaguna ne. Inda ya ce fili ne har bakin rafi, bishiyoyin turare ne dogaye sun yi duhu. Na ga hannunsa yana rawa a kan bargon, na fara tunanin ko na yi kuskure da na kawo shi, na kashe kuɗin rufi don in nuna wa tsoho cewa duniyarsa ta shuɗe.

Muka faka a gefen wani masallaci. Bayan magariba liman ya tambayi baƙin daga ina, Baba ya buɗe baki sai Fulatanci ya zubo, harshen da ban taɓa sanin yana ji ba. Aka yi ta aike. Can bayan isha'i aka zo da wani dattijo a bayan babur, ya fi Baba tsufa, ya leƙa cikin motar da tocila. Ya ce shi bai tuna fuskar ba, amma ya tuna malamin allura Bazazzagi mai farin babur, wanda ya yi wa shanun mahaifinsa rigakafin bushiya, kuma ya tuna an yi masa rasuwa. Ya ce maƙabartar tana nan, ba a taɓa ta ba.

Ya so mu kwana a gidansa, Baba ya ce shi a motarsa zai kwana. Daren nan na san dalilin bargon Inna. Ƙarfen mota ya yi sanyi kamar ƙanƙara, numfashinmu ya jiƙe gilashi yana ɗiga. Ni da ƙanena muka cure a gaba cikin rigunan sanyi biyu-biyu, direba ya gudu masallaci. Wajen ƙarfe uku na ji Baba yana motsi. Na kunna gas na dafa masa shayi da ganyen Kakara da muka saya a garin, wanda ake nomawa nan kusa. Ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya ce, "Irin wannan daren ne. Ƙirji ne ya kama ta. Babu mota sai ta ranar kasuwa." Bai ƙara ba, ni ma ban ce komai ba.

Da hantsi muka je. Mota ba ta isa wurin, sai muka ɗora shi a kujerar roba, mu huɗu muka ɗauka. Maƙabarta ce irin tamu, babu suna babu alama, ciyawa ta rufe tsofaffin kaburbura har sun daidaita da ƙasa. Dattijon ya nuna wani gefe ya ce na wancan zamanin daga nan ne zuwa can. Baba ya dubi wurin ya daɗe. Ya ce a sauke shi ya tsaya da ƙafarsa. Muka riƙe shi ta hammata, ya yi wa mutanen wurin sallama gaba ɗaya, ya yi addu'a, sannan a hankali ya kira sunanta, sau ɗaya, yadda ake kiran yaro ya shigo gida.

A kan wani tudu a hanyar Gembu muka sami sabis. Na kira Inna na miƙa masa. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Kun je?" Ya ce, "Mun je." Ta ce, "Da sanyin har yanzu?" Ya ce, "Yana nan." Suka yi shiru har na zaci layin ya yanke, sai na ji ta ce a gaishe da mutanen garin.

Saukowa ta fi hawa tsoro. Direba ya ce wanda ya dogara da birki a gangaren nan, kafin rabi zai taka ya ji wayam, don haka da giya ya riƙe motar har Mayo Selbe, duk da haka muna jin ƙaurin birki. Baba ya yi barci tun daga sama.

Kwana tara muka yi. Da muka dawo na kai motar Sabon Gari aka mayar da kujerun, mai ita ya zagaya ta sau biyu ya caje ni kuɗin madubi ɗaya. Dandamalin katakon yana nan a zaurenmu, yara na zama a kai. Da Inna ke kwashe kaya ta tambayi bargonta, Baba ya ce ya bar wa dattijon nan na Nguroje. Ta tsaya da kwano a hannu, ta ce, "To, ai can ne wurinsa," ta shige ɗaki.