Maga: Inda Ruwa Ya Tara Jama'a

Daga Garwa muka bi babbar hanya zuwa Marwa, sannan muka karkata gabas ta Bogo har Allah Ya sauke mu a Maga, cikin yankin Mayo-Danay. Abin da ke fara tarbar baƙo shi ne tafkin. A shekarar 1979 aka tare ruwan da wata ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 27, daga Girvidig zuwa Pus, domin hukumar SEMRY ta shayar da gonakin shinkafa. Wani ɓangare na ruwan daga kogin Logon yake shigowa. Ga dorina a cikinsa, ga jiragen masunta, ga matan da ke ƙyafe kifi a gaɓa.

Tafkin ya tara Musgum da Masa da Kotoko da Larabawan Shuwa da Fulani da Hausawa, kowa da harshensa da sana'arsa. Ba kullum buƙatunsu ke daidaita ba. Manomi na jiran a buɗe masa ruwa, makiyayi na neman mashaya, masunci kuwa yana tsoron tafki ya ja baya. Amma ranar Juma'a mun ga Musulminsu a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Bayan sallama ake jin wanda ya kwanta ciwo, a haɗa taimako, dattawa kuma su zaunar da waɗanda suka saɓa kan iyakar gona.

Sauran al'ummai ma sun san wannan sirri. Bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, Yahudawa sun ƙara warwatsuwa cikin duniya, amma ibadar jam'i ta riƙe su. A ƙa'idarsu akwai addu'o'in da ba a yi sai baligai goma sun hallara, abin da suke kira minyan. Saboda haka dole mutum ya zauna kusa da 'yan'uwansa, ya kuma san wanda bai zo ba. Suna da addu'ar roƙon ruwa a ƙarshen bikin Sukkot, kamar yadda muke fita sallar roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri.

A Maga dai haɗin kai batun rai ne. Damina ta 2012 ta zo da ambaliya wadda ta raunana ganuwar, ta raba dubban mutane da gidajensu, sai da aka yi babban gyara da tallafin Bankin Duniya. A 2024 ruwa ya sake cin garuruwan Mayo-Danay, har da Yagwa. Ganuwa mai wannan tsawo ta fi ƙarfin idon ma'aikata kaɗai. Tana buƙatar maƙwabtan da za su ga tsaga su yi shela, su fito da buhunan ƙasa cikin dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka, ya ku iyaye, mu riƙa kama hannun 'ya'yanmu zuwa masallaci, su saba da fuskokin maƙwabta tun ana zaune lafiya. Allah Ya tsare mutanen Maga, Ya sa albarka a ruwansu, amin.